Ina Kabarin Ƙanena Salifu?

Zuwa ga Baturen da ke kai baƙi kallon namun daji da harbi a gandun dajin Arewa,

Gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne Dauda mahauci, mazaunin Aboabo a Zongon Kumasi, wan Salifu direban da ka ɗauka da farkon ranin bana. Na yi ta zuwa ofishinka, kullum masinja sai ya ce ka fita. Shi ya sa na rubuto a jarida.

Na farko. Tuƙin lori ka ɗauki Salifu ya yi. A Zongo aka haife shi, bai taɓa farauta ba. Awudu kukunka ya shaida mana cewa baƙonka ya harbi ɓauna bai kashe ta ba, ta shige ciyawa da rauni. Sai ka sa Salifu a gaba yana bin jini, da adda kaɗai a hannunsa, ku masu bindiga kuna baya.

Na biyu. Da hantsi ta soke shi a ciki, bai cika ba sai la'asar. Lorin na nan tsaye, kai kuma ka iya tuƙi. Amma aka kwantar da shi a inuwa yana neman ruwa, aka tsaya fiɗar ɓauna da ɗaukar hoto.

Na uku. An binne shi ba wanka, ba likkafani, ba salla. Kai da kanka ka tuƙo lorin har Kumasi. Kan ɓaunar ya samu wuri a ciki, ƙanena bai samu ba. Hularsa da takalmansa ka aiko mana.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da ikon Allah. Matarsa ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Asawase. Tsohuwarmu kuwa ta daina fita, idonta ma ya tafi.

Abin da nake roƙo: ka ba mu mota da mutumin da ya san wurin, mu je da limaminmu kafin damina ta shafe alamar kabarin. Kuma kada ka ƙara sa ɗan wani a gaba ba bindiga.

Allah ya ba ka lafiya, ya mayar da kai ga danginka da ranka. Tsohuwa ta ce in tambaye ka abu ɗaya: da kuka sa shi a rami, ina kuka juya fuskarsa?

Wassalam.
Dauda mahauci, Aboabo