Ankon Hajiya da Zulfa

New Bell, Duwala
Watan Yuli

Zuwa ga Gwaggo Fadimatu, Ngaundere.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabin ɗa ga uwa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da fatan gwiwar nan ta sassauta. Tun da kin ce waya ta gaisuwa ce ba ta babbar magana ba, na ba Haliru direba wannan takarda, gobe zai tashi da lodi daga tashar jiragen ruwa.

Mas'alar ita ce Hajiya ta daina cin abinci. Bisa lura ta tsanaki, na gano ba abincin take ƙi a zatinsa ba, hannun da ke miƙa shi take ƙi. Ƙanwata Sa'ida ta dama mata kunun gyaɗa, Hajiya ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, ban san ki ba, ba na cin abin baƙo." Ni da take kira Angonta tun ina rarrafe, yanzu na koma "Malam". Ruwa kawai take kurɓa, sai ɗan shayi idan an ajiye an fita. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an zura mata robar abinci ta hanci, Baffa Mahmudu kuma ya zo daga unguwar Cité des Palmiers ya ce hakan za a yi. Gwaggo, kin fi ni sanin mahaifiyarki. Sai an ɗaure mata hannuwa kafin ta yarda.

Suna ɗaya ne ya rage a bakinta: Zulfa, ƙanwarta da ta rasu tun suna 'yan mata. Safe da yamma tambayar ke nan, "Zulfa ba ta dawo ba?"

A matsayina na wanda ya fito da lisans, wato digirin farko, a ilimin halayyar ɗan Adam, ban amince a miƙa wuya tun ba a gwada hankali ba. Nazariyyata ita ce ƙwaƙwalwar Hajiya ba rushewa ta yi ba, ƙaura ta yi zuwa wani zamani. Wanda ya ƙaura kuwa ba a tsayawa a tsohon gida ana ƙwala masa kira, bin sa ake yi.

Kin san hoton da ke bangon ɗakinta, ita da Zulfa a gefen tukunyar fure: buba mai faɗin wuya da gajeren hannu mai tattara, wuyan kewaye da farar saƙar kwarashi, ɗankwali ɗaurin gefe. Kowa ya shaida Sa'ida ta ɗebo kamannin Zulfa har wushirya. Ƙudurina shi ne a farfaɗo da wannan sutura daidai da asalinta, Sa'ida ta sa, ta kai abinci. Ban yarda da telolin zamani ba, za su cika ta da zif da duwatsu. Na jawo tsohon keken ɗinkin Hajiya daga ƙarƙashin gado, na zuba masa mai, na canza bel, ina koyon yanka daga bidiyo a waya. Sa'ida za ta yi saƙar, da ma Hajiya ce ta koya mata.

Cikas guda ne: hoton baƙi da fari ne. Wane launi ne atamfar? Ke kaɗai kika rage da za a tambaya.

Ki huta lafiya. Naki mai biyayya,
Abdurrazak

*

Ngaundere

Razaki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ku. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na ga takardarka. Rabin kalmominka sun fi ƙarfina, amma na gane Inna ba ta ci, kuma tun daga lokacin ni ma tuwo bai yi mini daɗi ba.

Abin da kake shirin yi ban yarda da shi ba. Ba a ara wa mai rai fuskar mamaci. Inna ta yi kukan Zulfa shekara da shekaru kafin ta haƙura. Yanzu za ka dawo mata da ita da rana, da yamma Sa'ida ta tuɓe ka sake kashe mata ita? Ƙarya ƙarya ce ko da zare aka ɗinka ta. Wanda ya ba ka lisans bai gaya maka wannan ba?

Amma ka tambaye ni launi, kuma ba zan ce ban sani ba. Kore ne shar kamar ɗanyen ganyen ayaba, da zanen mafici ruwan ɗorawa, bakinsa da siririn layi baƙi. Ankonsu ne na babbar salla, shekarar da Zulfa ta rasu.

Na faɗa maka ne don kada ka je ka sa wa 'yar mutane ja. Ba izini na ba ka ba.

Kada ka tambaye ni yaushe zan zo. Ka gaishe da Sa'ida, ka ce wa Mahmudu ya yi a hankali. Allah ya ba Inna lafiya, ya yi muku albarka.

Gwaggonka,
Fadimatu

*

New Bell, Duwala
Watan Agusta

Zuwa ga Gwaggo Fadimatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa godiya bisa bayanin launi, wanda ya zo da dalla-dallar da ta ba ni mamaki. Hujjarki ta ɗabi'a na karɓe ta da girmamawa, amma na auna ta da robar hanci na ga robar ta fi nauyi, don haka na ci gaba.

Na karaɗe kasuwar Marché Congo a kan benskin, wato babur ɗin haya, ruwan sama yana dukana, har na samu turmi guda a ƙasan kayan wani dattijo. Ba ita ce sak ba, amma 'yar uwarta ce ta jini. Ɗinkin kansa jarrabawa ce da ta fi duk wadda na zauna a jami'a. Tattarar hannu ta ƙi zama, na farke na sake har yadin ya fara gajiya da ni. Matan layinmu suna leƙowa ta taga suna cewa, "Sannu da aiki, Musye tela." Baffa ya tarar da ni da allura a baki ya ce, "Ashe lisans ɗin ɗinkin buba muka biya?" Na ce masa tarihi zai yi alƙalanci. Ya ce tarihi ya yi sauri, an riga an nemi gado a asibiti.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, Sa'ida ta shirya ta ɗauki kwano ta yi sallama. Gwaggo, Hajiya ta miƙe tsaye da ƙafafunta. Ta ce, "Zulfa!" da wata murya da ban taɓa ji ba, murya ta yarinya. Na ce a raina an gama, nazariyya ta tabbata.

Sai ta dubi Sa'ida daga ɗankwali har ƙasa. Ta sunkuya ta dubi tsohuwar rigar da ke jikinta. Fuskarta ta canza.

"Kin yi anko babu ni?" ta ce. "Yanzu ke, Zulfa, sai ki tafi wurin tela ki bar ni? Me na yi miki?"

Ta kwanta ta juya wa ɗakin baya tana kuka. Ko kallon kwanon ba ta yi ba. Sa'ida ta fito tsakar gida tana share hawaye da bakin ɗankwali, ta ce, "Yaya, hoton nan fa mutum biyu ne a ciki."

Na daɗe ina nazarin hoton nan, na ƙidaya tattarar hannu, na auna faɗin wuya, amma mutum ɗaya na gani.

Za mu ɗinka wa Hajiya nata. Sai dai abin da ya rage daga turmin buba da ɗankwali kawai zai fitar, babu zane, dattijon kuma ya ce na ƙarshe ke nan a wurinsa. Ga ƙyalle na sa a cikin takardar. Don Allah ki sa a duba kasuwar Ngaundere. Na roƙi Baffa ya jira dawowar Haliru, ya amince da kyar. Na san ba ki goyon baya. Roƙo nake, ba muhawara ba.

Naki,
Abdurrazak

*

Ngaundere

Razaki,

Na amsa sallamarka. Ba sai na aika kasuwa ba.

Ƙullin da Haliru zai ba ka zanen Inna ne, wanda ke cikin hoton. Da shi ta goya ni, ranar da za a kawo ni ɗakin Malam ta sa mini shi a ƙasan akwati. Kada a wanke shi da sabulun gari, kada a sa masa dutsen guga mai zafi. Tsakiyarsa ta yi laushi, a ɗaura a hankali.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Amma tun da kun riga kun sa ta kuka, ku gama abin da kuka fara.

Kana ta gaishe ni da gwiwa. Gwiwa tana ciwo, amma ba ita ta hana ni zuwa ba. Zuwana na ƙarshe na durƙusa na ce, "Inna, na iso." Ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Sannu baƙuwa, daga wane gari?" Na amsa mata, na ce daga Ngaundere. Ta ce in gaida mutanen can. Ban iya sake jin wannan ba.

Ka rubuto ko me ya faru, kuma ka rubuta da Hausar da zan gane.

Fadimatu

*

New Bell, Duwala
Watan Satumba

Zuwa ga Gwaggo Fadimatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, zan yi ƙoƙarin bin umarninki game da Hausa, ko da yake al'amarin ya cancanci manyan kalmomi.

Hajiya ta ci.

Da Sa'ida ta warware ƙullin, ƙamshin turaren akwatinki ya cika ɗakin. Hajiya ta karɓi zanen ta kai hancinta ta daɗe a haka. Ba ta bari an ɗaura mata ba, da kanta ta ɗaura. Da aka sa mata bubar sai ta juya bakin hannun ta duba ciki ta ce, "Wane tela ne wannan? Ɗinki kamar sawun ƙaguwa." Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe." Ta ce, "To Allah ya shirye ka." Saƙar wuyan kuwa ta shafa ta ce babu laifi.

Kwano ɗaya aka ajiye musu a tabarma, tuwon masara da miyar kuɓewa da busasshen kifi. Sa'ida ta sa hannu. Hajiya ta ce, "Haɗamammiya, ba kya jiran babba?" Ta ture hannunta ta yanki loma. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. Da ta kai ta uku sai ya ce ana kiransa a waya ya fita, alhali wayar tana kan keken ɗinki.

Sauran bayanin naki ne, domin ya shafi hujjarki. Suna cikin ci sai Hajiya ta kamo bakin zanen Sa'ida ta haɗa da nata. Ɗaya kore shar, ɗaya ya koɗe. Ta dube su, ta dubi Sa'ida.

"Naki sabo ne," ta ce. "Zulfa ta daɗe da tafiya. Ina wurin aka yi mata wanka. Ke 'yar wace ce?"

Sa'ida ta dube ni. Sai ta ce, "Hajiya, Sa'ida ce, jikarki, 'yar Abdulkarim."

Hajiya ta maimaita sunan tana nema a ranta. Ta ce, "Ban tuna ba." Sannan ta gyara zama ta ce, "Amma wanda ya yi anko da kai ai ba baƙo ba ne. Miƙo kan kifin nan."

Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran Sa'ida Zulfa, kuma ba a fasa ci ba. Likita ya ce a bar maganar roba tukuna. Nazariyyata tana bukatar gyara ta gefe guda, wannan na amince. Har yanzu ba ta san ni ba. "Tela" take kirana, kullum da ƙorafin da za ta yi a kan ɗinkina, kuma na fi son wannan da "Malam".

Saboda zanenki ba zai jure ɗaurin kullum ba, na ninke shi na ajiye, na sayo wata atamfa shuɗiya na ɗinka musu sabon anko a kan tsohon yayin. Shi ma ya karɓu, sharaɗin dai su fito iri ɗaya. Ba zan yi miki alkawarin za ta gane ki ba, don ba ta gane kowa. Sai dai ina sanar da ke cewa lissafina turmi biyu ya nuna, amma uku na sayo. Na ukun yana kan keke, ban sa masa almakashi ba.

Ki huta lafiya. Naki mai biyayya,
Abdurrazak

*

Ngaundere

Razaki,

Alhamdu lillahi. Allah ya yi muku albarka, kai da Sa'ida.

Ga zaren awona na sa a ciki. Ƙullin farko kafaɗa, na biyu ƙirji, na uku tsawon buba. Kada ka matse mini hannu, kuma ka gyara sawun ƙaguwar nan, ba zan sha faɗa a kan laifinka ba.

Bayan Juma'a zan hau jirgin ƙasa. Ka ce wa Sa'ida ta nemo kwano babba.

Gwaggonka,
Fadimatu