Na Yi wa Kwamandanka Fuska

Zuwa ga Yaya Idirisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan saƙo zai same ka a kan tudu, ko a wace ƙasa ce. Na sa shi a nan intanet inda kowa zai gani, domin lambarka ta daina shiga tun ranar da ka ce kuna Iskandariyya kuna jiran jirgin ruwan Italiya. Wataƙila wani ya karanta ya ce ya gan ka.

Na kammala karatu. Bayan Sallah zan koma Gusau, mai gidanmu na unguwar Hayyus Sabi' a nan Masar kuma har ya fara kawo masu duba ɗaki. Duk wanda ya shigo sai ya yi turus a gaban teburinmu. Yana nan yadda ka bar shi: ƙananan sojojina na ƙabilar Saksan sun haye kogi, mutanenka suna kan tudun kwali da garkuwoyinsu, kuma kai ne da wasa.

Ka tuna ranar da ka shigo da akwatin nan? Baturen da kake wa aiki a unguwar Dokki ya tattara ya tafi lokacin hargitsin 2011, ya bar maka ƙananan sojojin dalma da littafin ƙa'idar wasan. Ni kuwa, ɗalibin fiƙihu, na ce mutum-mutumi ba zai kwana a ɗakina ba. Muka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. A ƙarshe ka kankare fuskokinsu da wuƙa, ka yi wa rigunansu da makamansu fenti, ka bar wajen fuskar fari fat. Ɗan ludon da ake jefawa ma na ce a'a, sai muka rubuta lambobi a guntayen takarda muna ja daga cikin hulata. Ka dube ni ka ce, "Ustaz, khalas, shi ke nan? Yaƙi ya halatta?"

Ba ka taɓa yarda ka ɗauki Saksan, masu kawo mamaya, ba. Kullum Birtaniyawan zamanin da, waɗanda Rumawa suka kwashe sojojinsu suka bar su su kaɗai. Ka ce su ne danginka: ga maƙiyi a bakin kogi, su kuwa idonsu na kan teku ko taimako zai dawo. Lokacin nan kana ta zarya zuwa ofishin 'yan gudun hijira ana ce maka gobe. Kakanka ya baro Haɗeja, an haife ka a Sudan, ga ka a Masar. Ka kan ce ƙafar gidanku ba ta iya zama ba.

Yanzu ni ne na kasa zama. Sai in shiga bas har Dokki ba wani dalili, in sauka, in hau wata in dawo. In ɗauki tef ɗin tela da muke auna tafiyar soja, in auna inda ya kamata dawakanka su faɗa wa mutanena, in mayar. Fanka ma ba na kunnawa a ɗakin, kar ta kayar da wani. Ina jin haushinka ƙwarai, Yaya, kuma ina jin tsoro.

Makon jiya na nemi fuskarka a zuciyata, ta ƙi zuwa. Muryarka na nan, dariyarka na nan, fuskar ce babu. Hotunanmu sun tafi da wayar da aka zare mini a bas. Sai na ɗauko burushinka, na ɗauko kwamandanka mai jan mayafi, na zana masa idanu da wushirya da tabon nan na goshinka. Gaskiya ya fi kama da bawab, mai gadin gidanmu, da ka gani da ka yi dariya har ka ƙware. Na san hukuncin, ni na karanta maka shi. Allah ya yafe mini.

Dole in kwashe teburin nan, kuma ji nake kamar in na kwashe na yarda ke nan. Ban yarda ba. Sojojin za su shiga akwati, kwamandan zai shiga aljihun rigata, takardun lambobin suna cikin hula ban ja maka ko ɗaya ba. A Gusau ma akwai tebur.

Ya Allah, idan yana raye ka tsare shi, ka ba shi wurin zama. Idan kuwa ruwa ya riƙe shi, ka karɓe shi da rahamarka, Kai ba ka manta fuskar kowa.

Yalla, maza, Yaya. Kai ne da wasa.

Ƙaninka,
Nasiru