Kada Mahadi Ya Shiga Gidan Gurza

Legas, 4 ga Nuwamba, 2023

Daga yayanka Sa'idu zuwa ga Awaisu. Bayan gaisuwa, yaya Uwa da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, gadi nake yi, tarin ma da sauƙi.

Na ji ɗanka Mahadi ya samu aiki a gidan gurzar audugar nan na Funtua da ya sallame mu. Ka hana shi. Tun da aka kori waɗanda muka karanci injinan, dangin mai kamfanin ke gyara. Ba su san lokacin sa giris ba, kuma in auduga ta toshe, da hannu suke zaro ta injin yana gudu. Ga kaka ta zo, gurza ba hutawa. Allah ya tsare mana shi.

Bara maƙwabcinmu Mati ya shiga da hannu biyu. Yanzu na hagu kaɗai gare shi.