Ƙasar Gonar Inna

Maman ’Yan Biyu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yaran, yaya ciwon bayan nan naki? Ni lafiya lau, sai kewa.

Na san cewa na yi ba zan daɗe ba. Kamfanin ya gama fasa dutse, an cike ramin, saura a mayar da ƙasar sama da suka kankare daga gonar Inna tun ina makaranta. Ni aka ɗora wa aikin, wai ɗan gida ne kuma ƙasa na karanta. Jiya na haƙa tsibin da aka tara ta. An jibge ta ta yi tsayi da yawa, manyan motoci sun yi ta bi ta kai shekara da shekaru. Cikinta toka-toka, ga warin kwata, ko tsutsa ban gani ba. Ƙasar ta mutu.

Inna kuwa har ta fito da irinta tana shanyawa.

Mijinki

Maman ’Yan Biyu,

Ina gaishe ki. Na ji ƙaramin ya fara tafiya. Ki ce ya rage gudu har in iso.

Mun shimfiɗa ƙasar. Ruwa ya sauka ya kwanta a kai kamar a faranti, da rana ta fito ta daskare, fartanya tsalle take yi. Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya ce in watsa ciyawa mai saurin fitowa, in ɗura mata taki, masu dubawa su ga kore, kamfanin ya kwashe kayansa ya tafi. In na yarda, gonar za ta koma fako kafin damina ta zagayo, kuma ni mutanen unguwa za su nuna da yatsa. In na ƙi, kujerata ta ofishin kamfanin can wurinku ta tafi. Kullum ina zagaya shingen wayar da ya kewaye gonar kamar akuyar da aka ɗaure.

Ki taya ni da addu’a.

Mijinki

Maman ’Yan Biyu,

Da fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa.

Na ƙi. Suka kawo wani ya watsa ciyawar, aka duba, aka yaba, suka tafi. An sallame ni.

Da yamma na kai Inna wurin, na faɗa mata komai: sai an farfasa ƙasar, a yi ta zuba kashin dabbobi da ganye, a shuka wake a binne shi ɗanye, shekara bayan shekara. Ta daɗe tana kallon koren nan na ƙarya. Ta ce, “Ni dai ba zan ci amfaninta ba ke nan.” Na ce Allah ne masani. Ta kama hannuna ta ce, “To, kar ka tafi ka bar ta haka.”

Ban iya zare hannuna ba. Ban san yadda zan roƙe ki ki baro gidanki da shagonki ki zo nan ba. Ki dai aiko min da takalman aikina, suna ƙarƙashin gado.

Naki kullum,
Baban ’Yan Biyu