Saura Mutum Ɗaya

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni lafiya lau, sai gwiwa. Innarki tela ta warke daga tari. Matar marigayi yayanki da 'ya'yanta suna lafiya. Wanda ba shi da lafiya shi ne Babanki. Ki yi haƙuri da layukan nan da suka karkace, kin san da furfura na shiga aji.

Mantuwa ce ta kama shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana buga ƙararrawar coci bai taɓa saɓa minti ba, yanzu kullum Lahadi ce a wurinsa. Da safe sai ya sa farar rigarsa, ya ɗaura agogon nan da ya mutu tun bara, ya tsaya a ƙofar falo. Na sauko da kalanda na nuna masa Talata da yatsa. Ya ce, "Ke da kika koyi karatu jiya, ke za ki koya mini kwana?"

Likita ya ce sunaye za su riƙa zube masa ɗaya bayan ɗaya. Na Innarki ya riga ya tafi. Naki yana nan tukuna. Ki zo. Ki amsa mini kafin Jumma'a, hankalina ba a kwance yake ba.

Mamanki.

*

Mama,

Ina gaishe ki da jinya. Allah ya ba shi sauƙi. Aiki ya yi mana yawa a ɗakin haihuwa, mu biyu ne kawai.

Amma ba aikin ne ya hana ni ba, kin sani. Shekara shida ke nan. Ranar jana'izar Yaya motarmu ta lalace a hanya, na iso bayan ƙararrawa ta biyu. Baba ya hango ni ina gudu da takalmi a hannu, ya rufe ƙofar coci ta gaba kamar yadda yake yi wa duk wanda ya makara. Ta baya na zagaya, na tsaya cikin baƙi. Kafin in kutsa gaba an rufe akwati. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, yanzu kuma ya manta. Da wa zan yi maganar? Lokacinta ya wuce.

Ki huta lafiya.

Autarki.

*

Auta,

Na gode da kika amsa. Sau uku na karanta, a hankali, da yatsa.

Ina bencin gaba a ranar. Na ji ƙarar sakata, ban tashi ba. Wannan laifina ne, ki yafe mini.

Akwai abin da ban rubuta miki ba, don ban gane shi ba sai da na ga wasiƙarki. In ya tsaya a ƙofar falo ba ya rufe ta. Yana riƙe da marfin, yana leƙen hanya. Shekaranjiya ƙudaje suka cika ɗaki, na ce, "Maigida, an buga ta biyu ai, rufe mana." Ya ce, "Saura mutum ɗaya." Na ce wa? Ya ci gaba da leƙen hanya. Haka yake tsayawa har rana ta take, ƙafafunsa duk sun kumbura.

Na daina faɗa da shi a kan kalanda. Yanzu nakan ɗaura ɗankwalina in zauna a kujera, ni ce jama'a, ni ce mawaƙa. Na tambayi Fasto ko laifi ne a yi Lahadi ran Laraba. Ya yi dariya, ya ce a aljannar da za mu je ma haka abin yake, babu Litinin a can, Babanki ya riga mu sabawa ne kawai.

Kin ce lokaci ya wuce. Ke ungozoma ce. Sau nawa kika ce yau za a haihu, jariri ya yi zamansa sai ranar da Allah ya nufa? Ni ina da shekara hamsin da biyar na fara riƙe fensir, Ubangiji bai ce na makara ba. Shi ba ya ɗaura agogo, zai iya jiranki har abada. Babanki ne ba zai iya ba. Jiya ya kira ni "baiwar Allah", sai da yamma ya tuno ni.

Ban ce ki yafe masa daga can ba. Ki zo dai ki wuce ta ƙofar, ko ya samu ya zauna. Ki ba ni amsa kafin Alhamis.

Mamanki mai yi miki addu'a.

*

Mama,

Na samu hutu. Asabar zan taso da motar safe. Kin san halin motocin nan, kada ki sa rai zan iso a kan lokaci.

Ban san abin da zan ce masa ba. Kafin nan ki ja masa kujera bakin ƙofa, ki ɗora ƙafafun a kan matashi, ki rage masa gishiri. Zai iya riƙe marfin a zaune.

Ta gaba zan shiga.

Auta.