Mai Babur Marar Hula

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Gummi, ina sanar da ke cewa yatsuna biyu sun wuni manne da juna. Ni na jawo.

Katin Sallah da kika yanka da hannunki ya iso. Na duba gaba, na duba baya, na ce yarinyar nan ta yi rowar ado. Ban san buɗe shi ake yi ba. A aji huɗu na bar firamare, ba a kai ga wannan darasin ba. Na yi ta fifita da shi a rumfar mai shayi nan Anka.

Da kika kira kika ce, "Baba, ka ga kanka a ciki?" na ce na gani, har hular ta yi mini kyau. Kika sauya zance.

Jiya katin ya faɗi, bakinsa ya ɗan buɗe, na ɓare shi da ƙarfi kamar goro. Sai ga babur na takarda ya miƙe tsaye. Ga ni a kai da sanƙona, babu hula. Ga ki a baya da jakar makaranta, riƙe da rigata, kamar zamanmu na Adabka da kike cewa in rage gudu. Har wayoyin taya kin yi da zare. Ƙarfin da na sa ya tsinke mini kai.

Na sayo gam ɗin liƙa takalmi. Yatsu suka manne, kan ma ya manne, amma a juye. Yanzu mai babur ba ya kallon hanya, ke yake kallo. Mahaifiyarki ta ce in gyara. Na bar shi haka.

Hular nan ce ke ba ni kunya, ɗiyata. Kin ɓata kwanaki da almakashi, na saka miki da ƙarya, kin gane, kika rufa mini asiri. Mai sunanki ma haka take yi mini.

Na sayi kwali, na ari almakashin tela. Duk wanda na gwada ya ƙi tashi tsaye. Amma kina bina kati guda na hannuna, kuma kafin babbar Sallah zan kawo shi da kaina, in tsaya ki buɗe a gabana. In kika ce ya yi kyau, na san ramuwa ce.

Allah ya albarkaci hannunki, ya ƙara miki haƙuri da ni.

Mahaifinki,
mai babur marar hula.