Za Su Rushe Bututun Iska

Litinin, 3 ga Maris
Hatano ya bugo waya. Duk tsawon aikinmu tebur ɗaya muka zauna, har yau bai koyi gaisuwa ba. "Kai kurma, ƙarshen wata za su rushe bututun iskar da muke gwajin jirage." Na ce ya maimaita. Alhali na ji.

Laraba, 5 ga Maris
'Yata Mitsuyo ta kawo gasasshen kifi da zancen da ta saba. "Baba, ka dawo wurinmu Sendai. Tun da Mama ta rasu shinkafa da shayi kawai kake ci." Na zare na'urar kunnena na ajiye. Ta tattara kwanuka ta tashi. Halin uwarta sak.

Asabar, 8 ga Maris
Ruwa tun safe. Na tuna zuwana cibiyar gwajin jirage da sabuwar riga, shugabanmu ya tare ni: mece ce lambar Mak? Na ce gudun jirgi a raba da gudun sauti. "To mita nawa ce?" Ya kwashe da dariya, ya ce ba ta da mita, ba ta da sakan, lamba ce tsurarta. Ƙasa da ɗaya, iska kan ji tahowar jirgi ta kauce. Da lambar ta kai ɗaya, iska ba ta jin zuwansa, sai ta matse a gabansa kamar katanga. Katangar nan muka yi ta leƙe ta gilashin bututun, cikin ƙara, har kunnuwana suka tafi. In na dawo gida matata Yoshie takan ce, "Maigida, ga ni nan kusa, ba a hayin kogi nake ba."

Alhamis, 20 ga Maris
Ban fita ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Sun gayyaci tsofaffin ma'aikata kunna bututun na ƙarshe. Yanzu kwamfuta ke aikin, sun ce. Aka ɗaura ɗan jirgin ƙarfen da Hatano ya goge da hannunsa muna samari. Allurar ma'auni ta yi ta hawa, ta kai ɗaya, baƙin layin katangar iskar ya tsaya a kan fiffike, yadda na san shi. Ƙarar ban ji ta ba. A ƙirji na ji, da tafin ƙafa.

A shagon taliya na tambayi Hatano me yake ta faɗa mini a cikin ƙarar nan.
"Cewa na yi ka rufe baki, haƙoran robarka za su faɗo."
Ya shanye romonsa, sannan ya ce jibi ɗansa zai zo ya tafi da shi garin Kochi. Ƙafarsa ta ƙi. A tasha ya sunkuya mini sosai. Bai taɓa yi ba.

Talata, 1 ga Afrilu
Sun kewaye cibiyar da kwano. Na wuce ban tsaya ba. Na karɓo kwalaye wurin mai kanti, don tsofaffin littattafai ne kurum. Na kira Mitsuyo na tambaye ta ko ɗakin da take faɗa yana samun rana da safe. Ta ce yana samu.

Tambaya ce kawai na yi.